Murhun da Yaya Indo Ba Ta Taɓa Hurawa Ba

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayata Indo makwancinta, Allah Ya jiƙanta. Duk wanda ya ci waina a Ƙofar Marusa a wancan zamani, to da wuya in ba tata ya ci ba. Hayaƙin itace ne ya cinye mata ƙirji, haka likita ya faɗa mana, a lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne, maganin yana cikin ɗakinta. Bayan sojoji sun koma bariki, wata gwamnatin farar hula ta kawo murhu mai tsimin itace, ta biya kaso mai tsoka, aka sayar wa mata da rahusa. Ba ya cin itace, ba ya hayaƙi sosai. Yaya Indo ta samu guda. Da ta gan shi fes yana ƙyalli, sai ta goge shi ta ɗora bisa kabad, ta ce wannan ya fi ƙarfin toka, na kayan ɗakin ɗiyarta Bilki ne. Na yi magiya, na yi faɗa. Dariya kawai take yi, ta ce boko ya hana ni sanin darajar kaya.

Masu rabon sun ɗauki hoto sun tafi. Babu wanda ya dawo ya duba ko an hura.

Da za ta leƙo yau, ta ga rufin gidajen GRA sun cika da faifan sola, ta ji rediyo na ta shelar sabon tallafi, na san cewa za ta yi, "To, ina namu?" Tallafin murhun ya bi gwamnatin da ta kawo shi. Na lallaɓa na saya wa Bilki ƙaramar tukunyar gas, kuɗin gas ya tashi, ta koma itace.

Don Bilki ce ta gaji tandar. Ta gaji hannun uwar, ta gaji fara'arta, kuma tun bara ta fara irin tarin da uwar ta yi. Wallahi tsoro nake ji, kuma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Makon jiya na same ta bakin tanda, ido ya yi ja. Na ce, "Bilki, don girman Allah ki sauko da murhun nan ki hura."

Ta ce, "Haba Kawu! Abin da Inna ta hana kanta? Ai na Ummi ne, in Allah Ya kai mu aurenta."

Ummi, ɗiyar Bilki, takwarar marigayiya, ko yaye ta ba a yi ba. Tana goye a bayan uwarta, cikin hayaƙin, tana barci.