Rigunan da Yaya Ta Rage

Duk layin ba wanda ya kai Yaya Tela ido. Kallo ɗaya za ta yi maka, ta yanka riga ta zauna maka cif, ko tef ba ta ɗauko ba. To, gwanintar nan ce ta kusa kai ta kabari.

Tun rasuwar mijinta abinci ya zame mata abin tsoro. In ta haɗiyi loma, sai ta ji kamar ta aikata laifi. A kai mata kwano shago, ta jujjuya cokali, ta ce, "Yanzu na ci," ta miƙa wa maƙwabta. Mace ta haura hamsin, wa zai kawo haka a ransa? Ga shi kaya ba sa yi mata yawa, don da ta rame sai ta hau keke ta rage rigar.

Ƙanwarta Auta ce ta gano, ranar wanki. Ta juya wata rigar Yaya, ta ga ɗinki bayan ɗinki a gefe, kowane layi ya fi na baya shigewa ciki. Ta juya ta biyu, haka.

Ta iske ta a shago, ƙafa a kan keke, ta kasa takawa.

"Yaya, ashe mutuwa kike yi a gabanmu kina rufe mana ido da kwalliya?"

"Ke dai akwai baki."

"Tashi mu je asibiti. Ko in goya ki, wallahi yanzu ba ki fi ƙarfina ba."

Likita ta ce cuta ce, tana kama manya, kuma ana warkewa, sai dai da haƙuri. Aka haɗa ta da mai sauraron damuwarta. Auta ta kwaso kayanta ta tare, suna ci a faranti ɗaya. Yaya ta yi kuka, ta yi zagi, ta koma baya ba sau ɗaya ba. Amma gobe sai ta dawo ta zauna, ta ɗaga cokalin. Ikon Allah! Auta ba ta taɓa ganin jarumta irin wannan ba.

Watanni suka tafi. Wata rana da hantsi Auta na shara, ta ji keken ɗinkin Yaya ya tsaya.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ba ki ɗora komai ba ne? Yunwa nake ji."

Auta ta jingine tsintsiya a hankali. Sai da ta shiga kicin ta rufe ƙofa, sannan ta fashe da kuka.