Facin da Aka Ce Ya Buɗe

Baffana, yayan mahaifina, mai facin jirgin ruwa ne, kuma a tashar jiragen garinmu Mai Faci kawai ake ce masa. Mutum ne mai shegen zargi. Ka ce masa rana ta fito, sai ya leƙa waje ya gani. In ka kawo masa jirgi ka ce wuri ɗaya yake yoyo, zai tuɓe takalmi ya shiga, ya bi katakon da tafin ƙafa tun daga goshi har gindi, ya fito ya ce maka wuri uku ne, kuma kana sane da biyun ka ɓoye. Kayan aikinsa tsumma ne da kwalta da gwangwani da ƙusa. Ya cusa tsumman a tsaga, ya shafe da kwalta mai zafi, ya rufe da gwangwanin da ya buge ya miƙe. Abin da ya raba shi da sauran masu faci, ba ya barin kusurwa. Sai ya zagaye kowace da almakashi, wai kada ta yanki ƙafar yaran fasinja. Ana yi masa dariya, ana kuma kawo masa aiki.

Ina 'yar makaranta jirgin Baba ya nutse. Haka dai aka faɗa mana. Su biyu suka nufi saman kogi da kaya, shi da mijin Gwaggo ƙanwarsu, wanda ake kira Direba. Direba kaɗai ya dawo, riga a yage, yana kuka kamar zai shiɗe. Ya ce a wajen duwatsu facin Baffa ya buɗe, ruwa ya cika jirgin kafin su ankara. Ba a ga gawa ba, ba a ga ko katako ɗaya ba. Daga ranar aikin Baffa ya mutu. Wa zai ba da jirginsa ga hannun da ya kashe ƙaninsa? Innata ma ta daina amsa gaisuwarsa. Shi kuwa kullum zai zo tasha ya zauna a kan wani kifaffen jirgi, guduma a cinya, yana bin Direba da ido. Na girma, na yi aure, na haihu, yana nan zaune.

Wata rana wani mai sarar itace da ya sauko daga sama ya tsaya hira da shi. Cikin zance ya ce a tasha ta ƙarshe ya shiga wani tsohon koren jirgi mai faci marar kusurwa, kuma ko ɗigo ba ya shiga. Baffa ya san duk jirgin da ya taɓa yi wa aiki da inda ya ƙare. Ɗaya ne kawai bai ga ƙarshensa da idonsa ba. Ya same ni a gida, ya ja ƙofa, ya faɗa mini, sannan ya ce, “Za mu ce gwiwata ta matsa mini, zan je sama neman magani. Ke za ki raka ni. Kuma Direba ne zai kai mu.”

Na ce, “Baffa, shi fa?”

“Shi ɗin. So nake in ga fuskarsa a hanya.”

Tun da muka bar gari Direba ya fara neman hanyar juyawa. Ya ce mai ba zai isa ba, Baffa ya nuna masa jarkokin da ya ɓoye ƙarƙashin tabarma. Ya ce ruwa ya janye, Baffa ya zura gora har ta nutse. Kogin ya yi ta ƙuntata, itatuwa suka haɗe a samanmu, zafi da sauro suka sa mu gaba. A wata kwana dorina ta ɗago kai dab da mu, ta yi hamma, na kusa faɗawa ruwa don tsoro. Baffa ko kallonta bai yi ba, idonsa na kan hannun Direba. Bayan nan injin ya mutu haka kawai. Direba ya shiga salati yana cewa sai dai mu bi ruwa mu koma. Baffa ya rarrafa baya, ya mayar da robar man da aka zare, ya dawo ya zauna.

“Gwiwar ta yi sauƙi ke nan, Yaya?” in ji Direba, yana yaƙe.

“Tana zuwa tana tafiya.”

A wajen duwatsu dole muka sauka muka ja jirgin da igiya, ruwa har ƙirji, yana fizgar ƙafa. Da muka haye, Baffa ya ce Direba ya nuna mana inda abin ya faru, mu yi wa mamaci addu'a. Direba ya nuna wani baƙin dutse a hagu. Baffa ya ce, “Da can a dama ka ce.” Direba ya ce shekaru ne. Ni dai na tabbata wannan mutumin ya kashe ubana ya sayar da jirginsa. Na jawo adda kusa da ni na zauna a kanta, na tsane shi tsana irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as, don daga nan bai ƙara yarda mun haɗa ido ba.

Koren jirgin yana ɗaure a tasha ta ƙarshe, tsakanin gungumen itace. Baffa ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya taka, ya taka, ya tsaya a tsakiya, ya durƙusa ya kankare fentin da farce. Gwangwanin ya fito, kusurwoyinsa a zagaye, ƙusoshinsa duk suna nan, katakon gefensa a bushe ƙayau. Ya daɗe a durƙushe. Ni kuwa na juya kan Direba da adda a hannu.

“Wa ya ba ku izinin shiga jirgina?”

Wani dattijo ne ya gangaro da jarka a kafaɗa. Furfura ta cinye kansa, amma tafiyar na sani, muryar ma na sani. Addar ta suɓuce daga hannuna. Baba ne, da ransa da lafiyarsa, har da ƙiba.

A bakin ruwan ya zauna ya amayar da komai. Ranar da asuba, cikin hazo, ya banke kwale-kwalen wani masunci na garinmu, mutumin ya nutse. Tsoron hukuma ya hana shi dawowa. A gida kowa ya ɗauka dorina ce ta kife masuncin. Direba ya dawo da labarin nutsewa, Gwaggo ma ta sani, da ita aka rufe. Na tuna yadda ta yi ta birgima a tsakar gidanmu tana kuka.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya dubi Direba ya ce, “Da ka ce dutse ne. Da ka ce guguwa ce. Me ya sa sai facina?”

Direba ya sunkuyar da kai. “Yaya, an san ƙaninka ya iya tuƙi. Da na ce dutse ne ko guguwa, sai an tambayi dalili.”

Baba ya kama ƙafar Baffa yana roƙo, wai ya tsufa, a bar shi ya mutu a nan. Ya juyo gare ni ya ce, “'Yata, ki sa baki.” Na so in rungume shi, na so in mare shi, ban yi ko ɗaya ba. Na ce masa matar masuncin tana nan da rai, har yau ba ta san abin da ya ci mijinta ba. Baffa ya kwance igiyar koren jirgin ya ce, “Shiga.”

A cikinsa muka sauko, muna jan na Direba a baya. Da muka iso tasharmu, mutane suka taru suna salati, wasu suna ja da baya kamar sun ga fatalwa. Aka kira matar masuncin, aka kira hukuma, suka tafi da Baba da Direba. Innata ta zo ta durƙusa gaban Baffa tana kuka. Sai shugaban masu jirage, wanda shi ya fara janye masa aiki, ya matso yana sosa ƙeya ya ce, “Mai Faci, gobe zan kawo maka nawa.”

Baffa ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna masa. Rawa suke yi, yatsun sun kanannaɗe.

“Kai wa wani,” in ji shi. “Yanzu ko ƙusa ba na iya riƙewa.”