Ramin Tankari

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai wana Tankari makwancinsa, kuma har yau in na tuna shi, yatsansa nake fara gani kafin fuskarsa. Ni na yi masa wanka. Ya rasu mako bai cika ba da zaɓen ƴan majalisa, tawadar zaɓe tana nan baƙi ƙirin a ɗan yatsansa na hagu. Na cuɗa da sabulu, na kankare da farce, ta ƙi fita. Liman ya ce in bar ta, ba za ta ɓata wanka ba. Haka muka naɗe shi a likkafani da shaidar ya jefa ƙuri'a. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Ni tela ne, allura na sani ba alƙalami ba, don haka mai karatu ya yi mini haƙuri in zancen ya karkace. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne gidan da ya bari a unguwar Bukoki, nan Yamai. Ɗaki uku ne da zaure ranar da ya rasu. Da hadarin bana ya fara haɗuwa, ɗaki ɗaya ya rage tsaye, matarsa Rabi tana ciki, bangon ya tsage har hannu na shiga. Abin da ya ci sauran ɗakunan yana nan ƙofar gida da baki buɗe, kuma ƙuri'armu ce ta haƙa shi.

Tankari shofar ne, babbar kar, wato motar fasinja, yake ja tsakanin Yamai da Dogon Dutsi. Mu ƴan ƙauye da muka cika Bukoki, teloli da masu shayi da ƴan tebur, duk sunayenmu na zaɓe can gida suke. In zaɓe ya zo, ƴan siyasa sai su ɗauki hayar motarsa, a loda mu kamar buhunan albasa, mu je mu dangwala, mu ci tuwon gida, mu dawo. Kowa ya ji daɗi. Mai gari yana da bakin magana gaban manya saboda yawanmu, mu kuma mun ga dangi kyauta. Layin da muke kwana ne kawai ba wanda ya san da zamansa. Kowace damina ruwa kan gangaro daga tudu ya malale layin, kowa ya tare ƙofarsa da dakali da buhunan yashi. Dakalin Tankari ya fi na kowa tsawo, da hannunsa ya gina shi, kuma ruwa bai taɓa tsallake shi ba.

A shekarar da nake ba ku labari sai ya kashe mota ya ce ba inda za shi. Ya ce ya gaji da jigilar mutane su je su zaɓar wa wasu rijiya su dawo su kwana cikin taɓo. Inda kake kwana, nan kake zaɓe, haka yake faɗa. Ya bi fada-fada inda samari ke dafa shayi, ya bi masallaci, ya bi shagona har ya hana ni ɗinki. Wana akwai baki, in ya sa ka gaba sai ka yarda ko don ya ƙyale ka. Kafin a rufe rajista ya kwashe kusan kowa, muka mayar da sunayenmu Bukoki. Mai gari ya aiko masa cewa abin da ya yi bai kyauta ba. Ya yi dariya, ya ce a gaida tsoho.

An fara da ƙuri'ar raba gardama kan kundin tsarin mulki. Tsakani da Allah ba wanda ya karanta kundin nan a cikinmu, har shi gogan. A rediyo ya ji wai za a ba meri, wato ofishin magajin gari, ikon yin ayyukan unguwa, shi ke nan ya ce kowa ya jefa I. A lakwal ɗin unguwa, makarantar yaranmu, aka ƙirga, ana jan layi da alli a kan allo. Gefen I ya cika har mai allin ya duƙa ƙasa, gefen A'a kuwa ƴan tsirarun layuka ne kamar haƙoran tsohuwa. Tankari ya fito yana tafa hannu da kowa, sai ka ce shi aka zaɓa.

Sai ga masu neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, su da ba su taɓa sanin hanyar layinmu ba. Ɗaya a cikinsu ya fi sauran wayo. Ba zan faɗi sunansa ba, a unguwa dai daga baya Alhaji Gobe muke ce masa, don in ka je wajensa ba ya da wata amsa. Shi bai zo da gishiri da sabulu ba. Injin haƙa ya kawo, ya ce zai ja mana kanibo, wato magudanar ruwa, daga kan tudu har ta haɗe da babbar da ke zuba a kogi. Sharaɗi ɗaya ne, dakalin da ke kan hanya sai an fasa. Mutane suka yi cirko-cirko, kowa na kallon ɗan'uwansa. Tankari ya shiga gida ya fito da guduma.

Ina tsaye Rabi ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, ka bari su gama aikin tukuna. Dakalin ga, shi ke tsare mu." Ya ce mata, "In ban fara ba, wa zai fara?" Ya ɗaga guduma. Kafin la'asar kowa ya fasa nasa.

Injin ya yi ta haƙa yana gangarowa, yara na binsa da ihu, har ya iso daidai ƙofar Tankari. Nan ranar zaɓe ta cim masa. Alhaji ya ce da an faɗi sakamako za a ci gaba. Muka yi masa ruwan ƙuri'a, maza da mata, har gurgu aka turo a baro. Sauran ƴan takara ko kunyar allon nan ta ishe su. Ya ci. Washegari aka zo aka ɗauke injin, wai za a canza masa mai.

Wana bai ga komai ba cikin abin da ya biyo baya. A tasha ya yanke jiki ya faɗi, hawan jini, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Maganarmu ta ƙarshe da shi tsiya ce yake mini. Ya leƙo shago ya nuna mini yatsansa ya ce, "Tela, bana za ka taka keke ƙafarka a bushe." Ya mutu yana ganin ya ci nasara. Na daɗe ina kukan rasuwarsa, yanzu kuwa wallahi wani lokaci har kishinsa nake yi.

Da rani aka yi haƙan, ba wanda ya san abin da aka haƙa sai da ruwan farko ya sauka. Ruwan da a da yake bazuwa ko'ina cikin layi, kowa ya sha kaɗan, yanzu an share masa hanya, kuma hanyar ta ƙare a ƙofar gida ɗaya, gidan da ba dakali. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to shi tsuntsun ya tashi, sheƙarsa aka bari. Zaure ya fara tafiya, sannan ɗakin yara. Muka sake gina dakali, ruwa ya ci ƙarƙashinsa ya tafi da shi. Muka yi gayya muka cike ramin da yashi da shara, mutanen kan tudu suka zo da felu suka tone, don su ramin ya yi musu rana, tun da aka haƙa shi gidajensu suka bushe. Har sanduna aka zaro tsakanin mutanen da suke sallah sahu ɗaya.

Wannan shi ya raba ƙuri'ar layinmu har abada, kuma masu sharhi a rediyo ba su taɓa gane dalili ba. Sun yi ta cewa ƙabila ce, ko jam'iyya. Ina! Gangare ne da tudu. Da zaɓe ya zagayo, na tudu suka sake zaɓar Alhaji Gobe, Bahaushensu da Bazabarmensu, mu na gangare muka juya masa baya muka bi wani. Wanin ya zo ya tsaya bakin ramin aka ɗauke shi hoto yana girgiza kai, ba mu sake ganinsa ba. Na bayansa gidan sauro ya raba mana, ka ji mai hankali, ya san abin da ramin ke haifa. Mun taka zuwa Filato, unguwar ofisoshin gwamnati, wannan biro ya tura mu wancan, meri ta ce aikin ba nata ba ne tunda ba ita ta fara ba. Zaɓen da ya biyo baya, akuyoyi sun fi mutane yawa a filin lakwal.

Wasu suka ce to bari mu koma gida da sunayenmu, a ci gaba da loda mu a kar. Can ma ƙofa ta rufe. A shekarun da muka ƙaurace, ƙauyenmu ya zama ƙarami a idon masu rabo, fanfon da aka daɗe ana yi mana alkawari aka kai shi ƙauyen gaba, wanda ƴaƴansa ba su daina zuwa ba. Matan garinmu har yau can suke jan jarka. In ka ambaci Tankari a ƙofar mai gari sai wani ya tofar da yawu. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago, ba tsuntsu ba tarko. Yanzu kuma ko tambayarmu an daina, ba a zaɓen ma, akwatunan ƙuri'a suna can a ajiye, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji kowa a layinmu ya ce yana kewarsu ba.

Nakan zauna a kan keke in tambayi kaina, da Tankari zai leƙo yau, me zai ce? Zai ce hanyar daidai ce, mutumin ne ba daidai ba? Na san halinsa, da wuya ya sauko. Wataƙila ya ce mu muka yi sanyi, da yana nan da ya kwana ƙofar Alhaji har sai injin ya dawo. Wataƙila ma da gaskiyarsa, don har yanzu ban samu inda maganarsa ta karye ba, inda kake kwana nan ya kamata ka yi zaɓe. Amma ina so in gan shi ya faɗi haka yana tsaye cikin ɗakin Rabi, ruwa har gwiwa, tana ɗaga tabarma sama. Ina jin haushinsa, in faɗa muku gaskiya. Ina sonsa, kuma ina jin haushinsa, kuma ba kabarin da za ka je ka yi wa faɗa.

Rabi ba ta taɓa zaginsa ba, ko sau ɗaya. Shekarun baya, muna kwashe laka daga tsakar gida, ta ce mini ba tare da ta ɗago ba, "Ka tuna ƴan layukan da ke gefen A'a? Ɗaya nawa ne. Alhajin ma ban zaɓe shi ba." Ta ce ba ta taɓa gaya masa ba, don kada ta rage masa murna. Duk layin nan, wadda ta ƙi ita ce aka bar wa ramin.

Bana dai muka taru muka ce ba za ta ƙara damina a ɗakin nan ba. Ƴaƴanta maza sun yi arewa neman abinci. Ƴarta tana aure a Banifandu, amma Rabi ta ce ba za ta tsufa a gidan suruki ba. Ni ɗakin haya nake, da ni da iyali da keken ɗinki. Sai ƙauye, wajen ƙanenta, cikin mutanen da ke tofar da yawu in an ambaci mijinta. Sai bayan kwana da kwanaki ta ce to.

Makon jiya na je bakin titi na tsayar da taksi don ya kai ta tasha. Na ce wa shofar Bukoki, na fara kwatance, sai ya katse ni ya ce, "Baba, ka ce Ramin Tankari mana." Ashe haka ake kiran wurin yanzu, ƴan taksi da ƴan kabu-kabu duk sun sani. Muka loda ƙullin kayanta da tukwane, ta ja ƙofar ɗakin ta rufe kamar akwai abin da ya rage a sata. Wajen juya mota taya ɗaya ta zame gefen ramin, da ƙyar ya fitar da ita. Saurayin ya daki sitiyari ya ce, "Kai! Allah ya isa tsakaninmu da Tankarin nan, ko wane ne shi."

Na buɗe baki, Rabi ta riga ni daga kujerar baya. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ɗana, mijina ne. Ba shi ya gina ba. Ƙuri'a kawai ya jefa." Yaron ya yi ta ba da haƙuri har tasha, ita kuwa ko waiwayawa ba ta yi ba.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Sunan Alhaji ba ya kan komai a layinmu, yana can gidansa mai bene, ƙafarsa a bushe. Na zauna na auna abin da ya rage na wana bayan shekara goma sha huɗu. Motar an sayar, gidan na jiran ruwan gaba, mutanen da ya tara sun watse, matarsa ta hau irin kar ɗin da ya rantse ba zai sake lodawa ba. Tawadar da na kasa wankewa ƙasa ta daɗe da cinye ta. Sunansa ne kaɗai ya tsaya, kuma kullum sai an kira shi a Yamai, duk lokacin da wani ke son a sauke shi bakin rami.