Askin Yafiya a Gidan Yari

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Malam Buhari, tafintan Bature a Sakkwato tun farkon zuwan Turawa. Kwanan nan ana ta ƙus-ƙus cewa afuwar da manya ke yi wa fursunoni ta zama hajar sayarwa. Abokai na cewa da Buhari na raye da ya yi tir. Ni dai na san yayana.

A zamaninsa, kowace jajibirin Sallah Bature kan shiga gidan yari ya saki wasu. Ba ya jin Hausa, bai san kowa ba. Sai Buhari ya gaya masa wai al'adarmu ce, wanda ya tuba da gaske yakan yi aski. Ana saura kwana kaɗan sai ya tura wanzami, ya aske waɗanda danginsu suka kawo gaisuwa gidanmu. Bature ya bi layi, duk kan da ya ga yana ƙyalli ya ce a kwance masa mari.

Akwai Inna Hajo ta Ƙofar Atiku, wadda aka ɗaure mijinta, wani majemi mai fama da tari, kan haraji. Ta jawo jar akuyarta tilo ta kawo. Buhari ya karɓa. Amma a shekarar masu raguna sun yi yawa, ya ji tsoron kada Bature ya ga kawuna sun cika ƙyalli ya farga. Aka tsallake majemin. Kafin wata Sallar ya rasu a ciki, da sumarsa.

Da Buhari ya ga 'yan yau, ina jin dariya zai yi, ya ce sun cika gaggawa. Mutum ne mai raha, ya riƙe zumunci, shi ya aurar da mu duka. Ina ƙaunarsa har gobe, kuma ina jin kunyar sunansa.

Abin da ya rage nasa shi ne addu'ar mutane. Makon jiya Inna Hajo ta zo wajen sadakar da muke yi masa duk shekara, tana dogara sanda. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗan'uwanka shi ɗai yat tsaya muna. Bature na yaƙ ƙi. Allah shi saka mai da irin abin da yai muna."

Jama'a suka shafa. Na kasa cewa amin.