Faya-fayen Yaya Tasi'u da na daka a turmi

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka kai wana Tasi'u makwancinsa. A cikin waɗanda suka ɗauki makararsa daga Fagge ni kaɗai na rage, ni ɗin ma ƙafa ta fara ja. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa tun bakina yana iyawa. Ko kun bincika sunayen makaɗan ƙasar nan ba za ku sami nasa ba. Ba don bai iya ba ne. Ni ne sanadi.

Tasi'u goge yake yi. Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne, fatauci mahaifinmu ya yi har ya rasu. Saboda haka tun ranar da Tasi'u ya rufe ƙwarya da fatar guza ya ɗaura mata gashin doki, dangi suka sa shi cikin waɗanda suka lalace. Ni ne ɗan kirkin gidan. Ina aikin akawu a shagon wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Kantin Kwari, da farar riga da alƙalami a aljihu, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi.

Su uku ne suke kiɗansu. Akwai Lamidi tela, Bayarabe maƙwabcinmu a Fagge, mai kalangu. Akwai Emeka kafinta, Kirista mutumin Gabas da ke zaune a Sabon Gari, wanda ya taɓa busa ƙaho a badujalar soja. Duk Lahadi bayan azahar sukan haɗu a rumfar Emeka, a ture katako gefe, kowa ya zauna kan abin da ya samu. Ba su da 'yan amshi. Tasi'u zai ja baiti da murya da goge, sai ƙahon Emeka ya amsa masa, Lamidi yana riƙe da su daga ƙasa. Na ji kiɗa iri-iri a rayuwata, ban ƙara jin irin wannan ba. Ko lokacin da tarzoma ta shiga tsakanin unguwannin nan biyu har aka rasa rayuka, 'yan makonni kawai suka yi suka koma rumfarsu.

Amma wa ya san su? Mutanen Fagge suka ce wannan kiɗan Sabon Gari ne. Masu rawa a Sabon Gari suka ce su kiɗan Ikko suke so, ba kukan goge ba. Ga shi Tasi'u ba ya wasa kowa. Waƙarsa ta 'yan dako ce masu ɗora buhunan gyaɗa, da fasinjan da jirgi ya bari a tasha, da matar da ke jiran mijin da ya tafi cin rani. Makaɗin da ba shi da ubangida kuwa, a wancan zamani, babu mai ba shi riga, balle a kira shi fada ko gidan rediyo. Sau ɗaya tak sa'a ta leƙo su: wasu masu ɗaukar murya na wani kamfani suka zo Kano suka yi musu faifan garmaho guda uku. Kaɗan aka buga, yawancinsu kuma a otal-otal da shagunan Sabon Gari suka ƙare.

Shekara ba ta zagayo ba tari ya kama Tasi'u. Wata huɗu ya yi a kwance, ya rame har goge ya fi ƙarfin hannunsa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai bar wasiyya ba.

Ranar sadakar bakwai Kawu Hadi, yayan mahaifiyarmu, ya zaunar da ni a gabanta. Ya ce, "Duk ranar da aka ɗora faifan nan a inda ake shan giya, shi za a rubuta wa zunubin. Ya mutu, amma aikinsa bai tsaya ba." Inna ta fashe da kuka, ta kama bakin rigata ta ce, "Sabo, ka raba ɗan'uwanka da wannan abu kafin arba'in."

Ni ba malami ba ne, kuma ban nemi jin ta bakin wani malamin ba. Na ce a raina abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na kuma yarda cewa taimakon wana nake yi. Ina tashi daga aiki sai in hau keke in tsallaka Sabon Gari, in bi otal in bi shago, ina saye. Wasu har dariya suke yi mini, don sun samu mai raba su da kayan da ba ya tafiya. In na kawo gida sai in zuba a turmin Inna in sa taɓarya. Faifan garmaho ba shi da ƙwari, bugu biyu ya zama tsaki. Lamidi da kansa ya kawo nasa, ya ajiye a ƙofar zaure ya juya. Gogen kuma Kawu ya sa a murhu.

Saura na Emeka, shi ne mai dukan ukun. Na san ba zai sayar ba, don haka na yi masa ƙarya. Na ce Inna ce take son ta ji muryar ɗanta. Mutumin nan ya ajiye zarto, ya wanke hannu, ya naɗe faya-fayen a cikin zanen matarsa, ya ɗaure mini su a bayan keke da kansa. Har ya ce in gaishe ta, in ce ta riƙe su iya son ranta.

Bayan wata guda ya zo Fagge da lemo a kwando, ya ce ya zo gaida Mama. A zaure na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Sai dai ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari, "Sabo, ba Tasi'u kaɗai yana ciki ba. Ni ma ina ciki." Ya ajiye kwandon ya tafi. Ban ƙara jin ya busa ƙaho ba, daga baya kuma ya koma Gabas da iyalinsa, labarinsa ya yanke mini.

Yanzu in na bi ta Kwari, ko'ina kaset ne ke tashi. Samari sun haɗa fiyano da kalangu da sautin ƙasashen da ban sani ba, ana sayen abinsu, ana liƙa hotunansu a jikin bas. Nakan tambayi kaina me Tasi'u zai ce. Na san zai fara da tsiya, ya ce wane irin makaɗi ne wannan da ba ya gumi. Amma zai tsaya ya saurara, don shi bai taɓa tambayar kiɗa garinsu ba. Abin da aka ƙi su dominsa, shi ake yaba wa yaran nan yau. Da faifai ko ɗaya ya tsira, da sun san wani ya riga su bin wannan hanya.

Inna ta yi shekara ashirin bayan Tasi'u. A ciwonta na ƙarshe, wata safiya ina ba ta kunu, sai ta ce, "Sabo, ina ganin fuskar Tasi'u, amma muryarsa ta ɓace mini. Ko ɗaya bai rage ba?" Na ce bai rage ba, Inna. Ta ce, "Ashe ka yi aiki da kyau." Ta juya fuskarta bango. Har yau ban san godiya ta yi mini ba ko tsinuwa.

Ban zo in yi jayayya da Kawu ba, yana kabarinsa, kuma tsoron Allah ne ya sa shi magana. Hisabin Tasi'u yana hannun Wanda ya fi mu jinƙai. Abin da na sani shi ne gyaran gangar Auzinawa muka yi. Me ya rage na wana? Kabarinsa ya shafe. Hoto bai taɓa ɗauka ba. Sauran abin da ke duniya na kiɗan mutanen nan uku yana cikin kaina, daga farko har ƙarshe, har inda ƙaho ke shigowa. Na gwada rera wa jikokina, sai suka kwashe da dariya, don Allah bai ba ni murya ba.

Allah Ya gafarta wa Tasi'u da Inna da Kawu da Lamidi. Idan kuma akwai wani daga zuriyar Emeka kafinta da wannan rubutu zai isa gare shi, ya sani ubansa gwani ne, kuma ni Sabo na Fagge na ci amanarsa.