Waya Ba Ta Da Hanci

Shekarun baya kaɗan, da korona ta ɗaga mana ƙafa aka sake buɗe kasuwanni, na koma rumfata a Gusau ina jiran komai ya dawo yadda yake. Daddawa nake sayarwa, ta kalwa zalla, wadda mahaifiyata ke dafawa a ƙauyenmu can bayan Bungudu. Na share rumfa, na jera faifai, na zauna. Kasuwa ta cika, amma matan gidajen da suka saba aiko mini shiru. Ashe zaman kullen nan ya koya musu cefane daga kan katifa: a danna waya, mai babur ya kawo har ƙofa.

Kaya suka taru. Wata Juma'a na je gida, na tarar da Inna tana juya shanya a tabarma. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "In wagga ba ta hita ba, kihe tukunya zan yi. Ban iya tsayuwa bisa murhu don ƙuda su samu abin bi." Tukunyar nan ta kakata ce, tun kafin a haife ni take kan wuta. Kuma na san Inna, in ta kife abu ba ta sake tayar da shi.

Ƙanwata da ke sayar da atamfa ta waya ita ta buɗe mini zaure a Wasaf, ta zuba lambobin tsofaffin masu sayena. Muka ɗauki hoton daddawa. Jama'a, ban taɓa sanin kayana ba su da kyan gani ba sai ranar. Kamar kashin raƙumi da mota ta taka. Atamfa ido ke saye, daddawa kuwa hanci, ita kuma waya ba ta da hanci.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ki riƙa yi musu magana da murya mana."

Na ce, "Wa? Ni?"

Ku fahimce ni. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na sha dariyar maƙwabta, na sha ciwon yatsa wurin riƙe fensir. Duk wannan wahala, in dawo ina surutu cikin waya kamar wadda ba ta taɓa ganin allo ba? Rubutu zan yi, su san na yi makaranta. Kullum da safe sai in gyara zama in rubuta yadda malamarmu ta koya mana wasiƙa: "Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ina mai farin cikin sanar da ku cewa akwai daddawa." Har da aya. Wata ta ce Masha Allah, wata ta turo hoton babban yatsa. Babu wadda ta ce a kawo. Masha Allah kuwa ba ta rage kwando.

Ana nan sai wata ƙawata da ke kasuwanci a Tsafe ta turo mini shawara. Wai in sa Inna ta riƙa haɗa kalwa da waken suya, in rage farashi, ai cikin waya babu mai sunsunawa. Ita ba ta karatu, don haka ita kaɗai nake wa magana da murya. Raina ya ɓaci, na danna na riƙe, na saki baki:

"Ke, ki ji tsoron Allah! Waken suya a tukunyar uwata? Matar da ke surfa kalwa da toka har hannunta ya tsage, ita zan ce wa ta yi algus? Daddawar da ko ɓallinta kika jefa a miyar kuka, sai maƙwabcinki ya leƙo ya ce ina wuni ba don yana son gaishe ki ba? Ta ruɓe a kwando ya fi mini. Mai son arha ta je ta sayi arha, ta dafa wa mijinta ruwan wanki!"

Na ajiye waya na ji sanyi a raina. Can sai wayar ta fara rawa a kan faifai. Ƙanwata ce, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Yaya, kin san inda kika tura wa'azinki?"

Zauren masu saye. Duk Hajiyoyin da nake wa bayan gaisuwa mai yawa.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kafin a nuna mini yadda ake gogewa, kowa ya ji. Sai ga murya daga wata Hajiya da ta daɗe tana saye a wurina: "Alhamdu lillahi, ashe da gaske ke ce! Wallahi mun ɗauka wata ce ke yaudara da sunanki. Yaushe kika taɓa yin farin cikin sanar da mu wani abu? Ke da in mutum ya cika taɓa kaya za ki ce in ba saye za a yi ba a ajiye miki abinki? A kawo mini, har da ta ƙanwata." Wata ta ce a kawo mata kafin maigida ya gane ruwan wanki yake sha. Haka aka yi ta turowa. Kafin mako ya zagayo na aika Bungudu a ƙaro.

Allah Ya taimake ni ban ambaci sunan ƙawata ba. Duk da haka ranar kasuwar Tsafe na je na ba ta haƙuri. Ta ce, "Kin zage ni kin yi ciniki da zagin, ina ladana?" Yau a rumfarta mutanen Tsafe ke karɓar saƙonsu na daddawata.

Da na kunna wa Inna muryar, ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Sannan ta ce, "Bakin ga da nay yi ta bugu ki rage, ashe shi za ya riƙe min tukunya." Ta tashi ta nufi murhu.

Abin da na gane shi ne, na ɗauka shiga waya sai mutum ya canza kama ya zama wani. Alhali mutane ba waya suke saye ba, wanda suka sani suke nema a cikinta. Karatuna bai tafi a banza ba: ni ke rubuta suna da unguwa a jikin kowane ƙulli kafin in kai tasha, babu direban da ya taɓa ɓatar mini da kaya. Amma talla, da bakin da Allah Ya ba ni nake yi. Har yau hoton daddawata bai yi kyau ba, kuma har yau tukunyar Inna tana kan wuta.