Ranar da na sa gamsheƙa ta dubi kyamara

Shekarun baya can, lokacin da mutum zai hau babur ya ratsa dajin Safana hankalinsa kwance, ni mai hoto ne a Batsari. Aikina hoton fasfo da na suna da na biki. Na ɗauki fuskokin mutane har na ƙosa, sai wani kwaɗayi ya shige ni: ina son hoton abin da ba zai ce in tsaya ya gyara hula ba.

Abokina da ke noman gyaɗa wajen Tsaskiya shi ya ƙara zuga ni. Ya ce akwai tafki a bayan gonarsa inda kada ke fitowa shan hantsi. Wata rana da kaka na rataya kyamara na hau bayan babur ɗinsa.

Kada dai bai fito ba. Muka zauna bakin ruwa har rana ta fara cizo, ba abin da muka gani sai kwaɗi. Muka dawo gona ina ta mita. Abokina ya sa sanda zai juya wani tarin harawa, sai na ga ya yi tsalle da baya.

"Gamsheƙa! Ja baya, malam, ja baya!"

Ni kuwa gaba na yi. Ban taɓa ganinta da rai ba, kullum sai an kashe an yar a bakin hanya. Ga ta baƙa wuluk tana sheƙi, ta miƙe ta fasa kai. Ina so in ga yadda wuyan nan yake buɗewa, in ga ko tana ƙifta ido. Na durƙusa, na ɗora kyamara a fuska. Ta cikin gilashi komai nesa yake, sai ka yi ta matsawa ba ka san ka matsa ba.

Matsalata ɗaya, abokina da sandarsa take kallo, ni ta ba ni gefe. A shago idan jariri ya ƙi duban kyamara, makullai nake kaɗa masa. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, hannu ne kawai ya shiga aljihu. Na kaɗa wa gamsheƙa makullai.

Ta juyo, na danna. Na ji danshi a bayan hannuna: ta tsarto dafi. Amma idona na hagu a runtse yake, na dama kuma yana bayan kyamara, babu wanda ta samu. Da na ja da baya a nan, da labarin dariya ne kawai. To, mai hoto in ya danna, dole ya sauke ya duba abin da ya fito. Na sauke kyamara, tsartuwa ta biyu ta same ni a idon dama.

Kamar an cusa mini garin barkono. Abokina ya finciko ni ta wuyan riga, ya riƙe hannuwana yana cewa, "Kar ka murza! Don Allah kar ka murza!" Ya juye mini ruwan gorarsa, nan da nan ya ƙare. Ni a raina abu ɗaya nake faɗa: da idon nan nake cin abinci.

Sai ga wata dattijuwar Bafulatana da ƙwarya a ka. "Mi ya samu yaron ga?"

"Gamsheƙa ce, Inna."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kaina a gwiwarta, ta buɗe fatar idon da yatsu ta dinga zuba madara. Ina ihu ina runtsewa, tana cewa, "Buɗe, ɗana. In ka rufe yanzu, ka rufe ke nan." Sai da ƙwaryar ta ƙare tas, sannan ta ce da abokina, "Kai shi asibiti, nawa iyakarsa ke nan."

A asibiti suka daɗe suna wanke idon da ruwa, suka sa magani suka rufe. Mahaifiyata da ta zo, sai da ta gama kukanta sannan ta ce, "Mutanen garin ga duk sun ƙare ne, sai maciji?" Ko a kan gadon ban daddara ba. Na tambayi likita yadda gamsheƙa take gane ido a duk faɗin fuskar mutum. Ya ce in bari in warke tukuna.

Hoton ma bai fito ba. Wani baƙin layi ne kawai a cikin harawa.

Har yau ina son sanin halin abubuwan daji, ban tuba da wannan ba. Abin da na gane shi ne, hannun mai sana'a yana aikinsa ko babu izinin kai, kuma dabba ba ta san aikinka ba. Yanzu daga nesa nake kallo, in wanda ya san daji ya ce ja baya, ni ne na farko.

Idon bai mutu ba, alhamdu lillahi, amma bai dawo duka ba. Na koyi ɗaukar hoto da na hagu. Wani lokaci nakan rufe na hagun don in gwada ɗan'uwansa. 'Ya'yana mata biyu za su tsaya a gabana, sai ɗaya ta yi magana nake sanin wacce ce.